Nisa da Tsawon Tafiyar Jirgin Sama daga Kano zuwa Jidda

Tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano (KAN) da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda (JED) akwai nisan kilomita kusan 3,400, idan aka auna ta hanya mafi gajarta a bayan ƙasa. Matuƙa jirgi kan lissafa shi da mil na teku, wato kimanin 1,850. Wannan hanya ce mafi yawan alhazai da masu Umara daga arewacin Najeriya suka sani.

Jirgin da ya miƙe kai tsaye yakan nufi arewa maso gabas, ya ratsa ta yankin Tafkin Chadi, ya keta sararin Chadi da Sudan, sannan ya tsallake Bahar Maliya. Manyan jiragen fasinja na gudun kilomita kusan 850 a sa'a bayan sun daidaita a sama, don haka lissafi kan ba da sa'o'i 4. Amma jirgi ba ya wannan gudun yayin hawa da sauka, ga kuma tafiyarsa a ƙasa kafin ya hau titin tashi da bayan ya sauka. Shi ya sa tafiyar kan kai sa'o'i 4 da rabi zuwa 5.

Inda matafiya suka fi rikicewa shi ne agogo. Saudiyya na gaban Najeriya da sa'o'i 2, kuma tikiti yana nuna lokacin kowane gari ne. Jirgin da ya bar Kano ƙarfe 10 na dare ya yi sa'o'i 4 da rabi zai sauka ƙarfe 4 da rabi na asuba agogon Jidda. A dawowa kuwa sai tikitin ya nuna kamar sa'o'i 2 da rabi kawai aka yi.

Iska ma tana da tasiri. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas can sama a kan yankin Sahel, wadda ke rage wa jirgin da ya nufi Jidda sauri, ta kuma tura mai dawowa. Hazon hunturu kuma ba ya ƙara nisa, sai dai yakan hana gani a Kano har a jinkirta tashi ko sauka.

Babban abin da ya sauya lissafin shi ne yaƙin Sudan. Da aka rufe sararin samaniyarta a Afrilun 2023, dole jirage suka riƙa kewayawa, tafiya ta ƙara tsawo, man da ake ƙonawa ya ƙaru, kuɗin kujera ya bi sahu. Wanda kuma ya bi jirgin da ke yada zango a Alkahira ko Addis Ababa, zaman jira a can kaɗai na iya zarce sa'o'in da zai yi a sama.