Furen nastoshiyam a gida: tambayoyi da amsoshi ga mai son shukawa

Wai shi wannan furen daga ina ya fito, kuma yaya kamanninsa?

Asalinsa ɗan Kudancin Amurka ne, can tsaunukan Andes wajen su Peru da Bolibiya. Sifaniyawa ne suka fara kai danginsa Turai a ƙarni na 16, daga nan ya bazu duniya. Ganyensa zagayayye ne, sandar ganyen a tsakiya take riƙe da shi ba a gefe ba, kuma in ka zuba masa ruwa sai ka ga ruwan ya dunƙule yana gangarewa, ganyen ko jiƙewa bai yi ba. Furen kuma akwai ja, akwai rawaya, akwai ruwan lemo. In za ka sayi iri, a jikin fakitin za ka ga an rubuta Nasturtium, mutanen Nijar kuma da ke sayen mai rubutun Faransanci su nemi Capucine. Nau'i biyu ne a taƙaice, akwai gajere mai tsayawa wuri ɗaya wanda ya dace da tukunya, irin su Alaska mai ɗigon fari a ganye, akwai kuma mai yaɗo da zai iya kai mita 2 ko fiye in ya samu abin hawa.

Zai yi a ƙasarmu kuwa, da wannan zafin?

To nan ne maganar take. Abin da aka rubuta a bayan fakiti don mutanen Turai da Amurka aka rubuta shi, su matsalarsu ƙanƙara ce, ita ke kashe shi, shi ya sa suke cewa a jira sanyi ya wuce sannan a shuka. Kai kuwa da kake Kano ko Sakkwato ko Zinder in ka bi wannan maganar ka shuka a watan Maris ai ka kai shi ga halaka ne kawai, don tsiro ne mai son yanayi mai sanyi-sanyi, da zarar zafi ya yi tsanani sai ya daina fure, ganye ya fara rawaya, ya yi laushi. Mu namu lissafin a juye yake, a shuka ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ya sha hunturu, ya yi ta fure har zuwa Fabrairu, in bazara ta kunno kai ya gama aikinsa, kar ka ɗora wa kanka laifi. Mutanen Jos da Mambila dai sun huta, nasu lokacin ya fi namu tsawo nesa ba kusa ba.

Wurin ajiyewa kuma, inda zai samu hantsi amma inuwa ta rufe shi daga azahar. Gindin katangar da ke kallon gabas ya yi daidai.

Yaya ake shuka shi?

Irin babba ne, ya kusa ƙwayar wake, da fata mai yamutse-yamutse. Ka jiƙa shi a ruwa ya kwana, da safe ka tura shi ƙasa zurfin kamar santimita 1 zuwa 2 ka rufe sosai, ka bar tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakani. Cikin kwana 7 zuwa 14 zai tsiro. Kuma ka shuka shi inda zai zauna tun farko, ba ya son dashe sam, saiwarsa ba ta jure tonewa. In a bokiti ne ko tsohuwar roba, a huda ƙasan.

Nawa ya yi ganye shar, amma ko fure ɗaya babu. Me ya faru?

Gata ne ya yi masa yawa, wallahi kusan kullum amsar ke nan. Mun saba in ana son tsiro ya yi kyau a zuba masa kashin kaji, a ƙara da yuriya ko NPK, to shi wannan da ya ji taki sai ya mayar da duk ƙarfinsa kan ganye, ganyen su yi manya-manya su rufe ko'ina, ɗan furen da ya fito ma ya ɓuya a ƙarƙashi ba mai ganinsa. Ƙasa marar ƙarfi yake so, jigawa mai yashi-yashi wadda ruwa ba ya kwanciya, irin wadda in tumatir ne ma ba za ka yarda ka sa shi a ciki ba. Ni a ganina wannan ne ya sa ya dace da masu lambun gida da ba su da kuɗin taki ko lokacin lallashi. In kuma ba ka sa taki ba amma duk da haka shiru, duba ko inuwa ce ta yi yawa. A al'ada dai daga shuka zuwa fure wata ɗaya da rabi ne zuwa biyu.

Ruwa ma haka, sai ka taɓa saman ƙasar ka ji ta bushe sannan ka ba shi. Da iskar hunturu tukunya na saurin bushewa, to a riƙa dubawa. Furen da ya yi yaushi a tsinke shi, wasu za su fito.

Da gaske ana cin sa?

Ƙwarai. Ganye, fure, har ɗanyen irin duk ana ci. Yana da ɗan yaji mai hawa hanci, wanda ya san lafsur zai gane ɗanɗanon nan take, kuma akwai bitamin C a ganyen. A yanka ƙananan ganye cikin kwaɗo ko salak, furen a watsa a sama. Turawa kan tsuma ɗanyen irin a binega su ci da kifi. Sharaɗi ɗaya ne, wanda aka yi wa feshin maganin ƙwari ba a ci, haka ma irin cikin fakiti, na shuka ne kawai don wani ana shafa masa magani.

Ƙwari fa? Na ga wasu baƙaƙe sun manne a bayan ganye.

Darɓa ke nan, suna matuƙar son sa, haka ma tsutsar da ke cin kabeji. Shi ya sa wasu masu lambu ke shuka shi da gangan a gefen kabeji ko wake don ƙwarin su taru a kansa. Dabara ce mai kyau amma fa ba a shukawa a tafi a manta, in ka bar su suka hayayyafa daga nan za su tsallaka kan kayan miyar da kake karewa. Da ka gani ka cire ganyen da suka cika ka zubar nesa, sauran ka fesa musu ruwa da ƙarfi, ko ruwa da ɗan sabulu kaɗan da yamma.

Sai na sake sayen iri baɗi?

A'a. Kowane fure in ka bar shi yakan bar 'ya'ya uku manne da juna, in sun nuna da kansu suke faɗowa ƙasa. Ka tsince su, ka shanya a inuwa har su bushe ƙayau su koma ruwan ƙasa, ka zuba a ambulan ɗin takarda, ba leda ba don kar su yi fumfuna da damina, ka ajiye sai Oktoba.