Gidaje Masu Gwalalo a Karkarar Ingila

Gida mai gwalalo fili ne da aka haƙa wa rami mai faɗi ta kowane ɓangare, galibi mai kusurwa huɗu, aka cika shi da ruwa, tsakiyar ta zama tsibiri. An san kusan wurare 6,000 irin wannan a Ingila, sun fi yawa a gabashi da tsakiyar ƙasar, musamman Essex da Suffolk, inda ƙasa yumɓu ce mai riƙe ruwa.

Tarihi da gini

An fi haƙa su tsakanin wajen 1250 zuwa 1350. Masu su yawanci ƙananan masu ƙasa ne da manoma masu hali, sai wasu na coci. Faɗin ramin kan kai mita 3 zuwa 6, zurfinsa kamar mita 2. Ƙasar da aka tono akan baza ta a kan tsibirin don gida ya ɗaga daga danshi. Ruwa na zuwa daga maɓuɓɓuga ko ƙorama ta wata 'yar magudana, ana kuma barin mafita mai marfi. Inda ƙasa ke tsotse ruwa sai an daɓe gindin ramin da yumɓu. In aka bar yasa, laka da ganye su cike shi, ya koma fadama. Akasarin masana na ganin nuna arziki ne ya fi tsaro, ko da yake ramin na hana ɓarayi da dabbobi, ana kuma kiwon kifi a ciki. Ightham Mote a Kent, na wajen 1340, har yau gidan na tsaye a cikin ruwansa.

Wuraren da ake zaton sansani ne

Nan ne aka fi yin kuskure. Bayan da Normawa daga arewacin Faransa suka mamaye Ingila a 1066, an riƙa gina sansani ta hanyar tara tuddai ana kafa hasumiyar katako a kai, da farfajiya mai ganuwa a gindi. Amma tudun kabarin mutanen da, da gindin injin niƙa mai aiki da iska, da tudun ƙawata lambu, duk suna kama da haka bayan ƙarnuka. Abin dubawa shi ne rami a gindin tudun, alamar farfajiya, da ambato a tsofaffin takardu. Burwell a Cambridgeshire misali ne mai daraja na sansanin da tsofaffin takardu suka ambata: Sarki Stephen ya sa aka fara shi a lokacin yaƙin basasa, aka yi wa Geoffrey de Mandeville, wani basarake da ya yi wa sarkin tawaye, raunin ajali a wurin a 1144, aka watsar da aikin. Tarin ƙasar da ba a kwashe ba yana nan a bakin ramin da aka haƙa masa.

Ana jayayya kan Bodiam, wani sansanin dutse mai gwalalo a Sussex, wanda aka ba da izinin gina shi a 1385: na yaƙi ne ko na ado.

Halin da suke ciki

Garma ta shafe da yawa daga cikin waɗannan wuraren. Yasa da injin haƙa ma ɓarna ce, domin a lakar gindi katako da fata da ƙwayoyin tsiro suke dawwama. Dokar wuraren tarihi ta 1979 na kare waɗanda aka yi wa rajista.