Tallafin karatun bincike ga masu buƙata ta musamman a ilimin halayyar ɗan Adam

Tallafin karatun bincike kuɗi ne da gwamnati ko jami'a ko wata gidauniya ke bai wa ɗalibin digiri na biyu ko na uku ba tare da ya biya daga baya ba. A fannin ilimin halayyar ɗan Adam, ɗalibi makaho ko kurma ko gurgu yana buƙatar kuɗi kashi biyu: wanda kowane ɗalibi ke kashewa, da wanda lalurarsa ke ƙara masa. Yawancin tsare-tsaren da ɗan Bauchi ko Gombe zai iya nema an gina su ne a kan kashin farko, wato kuɗin makaranta da na ci da sha. Kashi na biyu shi ne ke tsayar da bincike.

Matsayin doka

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu bambanci ta 2018, wadda ta bai wa gine-ginen gwamnati wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, ta kuma ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Hukumar ƙasa mai kula da su ta kafu a 2020. Sai dai karatun kyauta da dokar ta tanada ya tsaya ne a sakandare. Wanda ya wuce nan, dokar tana ba shi hujjar neman a saukaka masa, amma ba ta sa masa kuɗi a aljihu.

Inda ake karatun

A jihohin Bauchi da Gombe akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, da Jami'ar Sa'adu Zungur a Gaɗau, da Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, da Jami'ar Tarayya ta Kashere da aka kafa a 2011. Ɗalibai da dama a yankin suna shiga wannan ilimi ne ta tsangayar ilimi, inda ake nazarin halayyar mai koyo da ba da shawara. Mai son ɓangaren asibiti yakan nufi Jami'ar Jos, mai nisan kimanin kilomita 130 daga Bauchi, wadda ke da sashen ilimin halayya da kuma na ilimin masu buƙata ta musamman. Wasu kuma Jami'ar Bayero suke tafiya a Kano.

Abin da binciken ke ci

Wannan ilimi da mutane ake yinsa. Ɗalibi zai tsara takardar tambayoyi, ya samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike, kamar na asibitin koyarwa na Bauchi ko na tarayya da ke Gombe idan aikin ya shafi marasa lafiya, sannan ya fita tattara bayanai. Ma'aunan da aka fi amfani da su, irin su PHQ-9 na auna ciwon damuwa, da Turanci aka rubuta su. Sai an fassara zuwa Hausa, wani daban ya mayar da fassarar Turanci, a gwada a gani ko ma'ana ba ta zame ba. Kowane mataki kuɗi ne.

Makaho yana karatu da manhajar da ke karanta rubutun allo da murya. JAWS ta kuɗi ce, kuma da tsada. NVDA kyauta ce. To amma manhajar ba ta iya komai da kundin binciken da aka ɗaure da baƙin bango aka jera a kanta a ɗakin karatu, ko babin littafin da aka ɗauki hotonsa da waya aka turo a WhatsApp. Nan dole a ɗauki mai karanta masa, a riƙa biyansa. Haka jadawalin lissafi da zanen da SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, ke fitarwa, sau da yawa sai mai gani ya bayyana masa su. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta halatta mayar da littattafai zuwa sigar da makafi ke iya karantawa, amma aikin mayarwar wani ne zai yi shi.

Kurma kuwa tafinta yake buƙata a aji, da wajen hira da mutanen da yake nazari, da ranar kare kundi. Akwai wani abin da masu ba da tallafi ba su cika lura da shi ba: yaren hannun da ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya ya samo asali ne daga na Amurka, alhali kuramen da suka tashi a cikin gari ba su je makaranta ba da maganar hannu ta Hausawa suke zance. Ɗalibin da zai yi hira da su a kasuwar Wunti ko a ƙauyukan Dukku yana iya buƙatar tafinta biyu. Ga kuma batun sirri, domin hirar da ta shafi damuwa ko zaman aure ba kowa ake zaunarwa ya ji ba, don haka tafintan ma sai an horar da shi.

Mai keken guragu matsalarsa a bayyane take: ofishin malamin da ke duba aikinsa a bene, da shatar Keke Napep maimakon hawan haya.

Hanyoyin samun kuɗi

A cikin gida babbar hanya ita ce TETFund, asusun da dokar 2011 ta kafa. Yana ɗaukar nauyin digiri na biyu da na uku, amma ga malaman manyan makarantun gwamnati kaɗai, ta hannun makarantarsu, kuma da sharaɗin su dawo su yi mata aiki. Daga farkon 2025 ya dakatar da tura sababbin malamai ƙasashen waje. Ma'anar keɓe tallafin ga malamai ita ce sai mutum ya fara samun aikin koyarwa, a jami'a ko a kwaleji irin ta Aminu Saleh da ke Azare, kuma a nan ne kashi 5 ɗin nan na doka ke da amfani idan an cika shi. Hukumomin tallafin karatu na jihohi suna neman takardar shaidar zama ɗan jiha. NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ɗalibai da ya fara aiki a 2024, bashi yake bayarwa. Tallafin karatun asusun PTDF kuma na fannin man fetur ne.

A waje, tallafin Commonwealth na Birtaniya, wanda aka faro a 1959, ana nemansa ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya ko ta wasu ƙungiyoyin da aka amince su gabatar da suna, kuma yana duba ƙarin buƙatun ɗalibi mai lalura. Chevening, tallafin gwamnatin Birtaniya, na digiri na biyu ne na shekara 1, yana neman gogewar aiki ta shekara 2. Gidauniyar Snowdon tana da tallafin digiri na biyu a Birtaniya da ta keɓe wa naƙasassu zalla. Gidauniyar Mastercard ma ta sa su cikin waɗanda take fifitawa. Alawus ɗin DSA na ɗalibai naƙasassu da ake yawan gani a shafukan jami'o'in Ingila an tsara shi ne musamman don 'yan ƙasar, don haka ɗalibin Najeriya ya karanta sharaɗin kafin ya sa shi a lissafi.

Wajen cike takarda

Masu tantancewa suna neman sakamakon digirin farko, da tsarin binciken da za a yi, da wasiƙun malamai, da rahoton likita a kan lalurar. Wasu ɗalibai kan ɓoye lalurarsu don tsoron a ajiye takardarsu gefe, sai daga baya a rasa layin da za a biya tafinta daga ciki. Ya fi a rubuta kuɗin mai karatu da tafinta da sufuri a kasafin binciken tun farko, kowanne da adadin awanni ko tafiye-tafiyensa. Rassan jiha na JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, da ƙungiyoyin makafi da na kurame, sukan taimaka da wasiƙar shaida da sanar da mambobi idan an buɗe neman tallafi.