Idan Yaro Ba Ya Waiwayowa, Kada A Ce Nauyin Baki Ne

Akwai maganar da muke yawan ji daga bakin iyaye mata a wajen rigakafi nan Jos: "Ai nauyin baki ne, babansa ma sai da ya daɗe kafin ya yi magana." Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa yaron ba ya ji ne, kuma duk watan da aka ƙara ana jira shi ake cuta, domin a shekaru uku na farko ne yaro ke kama harshe cikin sauƙi.

Uwa, ke kika fi kowa sanin ɗanki. Jaririn wata uku yakan razana idan murfin tukunya ya faɗi kusa da shi, na wata shida kuma yakan juya inda murya ta fito. Ki tsaya a bayansa yadda ko inuwarki ba zai gani ba, ki kira sunansa ko ki tafa. Kada ki buga ƙafa a ƙasa, don kurma yana jin girgiza a jikinsa, sai ya waiwayo ki ɗauka lafiya lau ne.

A ƙara sa ido kan yaron da ya tashi daga sanƙarau, ƙyanda ko hangum, da jaririn da shawara ta kama shi sosai, da wanda kunnensa ke zubar da mugunya. Allurar gentamicin da ake yi barkatai a kemis ita ma tana iya kashe ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kare ta. Don Allah a daina ɗiga man ja ko ruwan albasa a kunne, a daina sosa shi da tsinken ashana. Idan ana zargin yaro ba ya ji, a karɓi takardar turawa daga asibitin unguwa, a tafi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Gwajin ji ba ya da zafi.

In an tabbatar yaron kurma ne, ba aljanu ba ne, ba kuma laifin uwarsa ba ne. Wasu na'urar ƙara ji tana taimaka musu. Amma ko da ita ko babu, a fara maganar hannu tun yanzu, kuma duk gidan su koya, har da Baba da yayye. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yarinyar da aka killace a ɗaki tana wanke-wanke, alhali ga makarantar kurame a Bassa, ga kuma Jami'ar Jos da ke horar da malaman ilimi na musamman.

Mu ma'aikatan lafiya ma akwai gyara a wajenmu. Kurma yakan wuni a benci saboda an kira sunansa a ɗakin kati bai ji ba. A je a taɓa kafaɗarsa, a fuskance shi, a cire takunkumin fuska in da hali, a rubuta masa yadda zai sha magani. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta wa asibitocin gwamnati samar da hanyar sadarwa ga irin waɗannan majinyata, saboda haka kurame da iyalanku, ku nemi tafintan maganar hannu ba tare da jin kunya ba. In an hana ku, ku kai ƙorafi Hukumar Kare Haƙƙin Nakasassu ta Jihar Filato, ko hukumar nakasassu ta ƙasa da ke Abuja.