Mece ce "Gran Reserva" a Jikin Kwalbar Giyar Sifaniya?

A labaran gwanjon kayan alatu na Turai akan ji an ce wata jar giyar inabi ta Sifaniya "Gran Reserva" ce. Wannan matsayi ne da doka ta tsara, kamfani ba ya da ikon liƙa shi yadda ya ga dama. Mu da addini ya hana mu shan giya, sanin abin bai wuce na ilimi ba.

Yankin da ya yi fice a nan shi ne Rioja, a arewacin ƙasar, gefen kogin Ebro, inda inabin Tempranillo ya fi yawa. Hukumar yankin tana duba daɗewar jar giya kafin a fitar da ita kasuwa, ta ba ta matsayi: Crianza shekara 2, Reserva shekara 3, Gran Reserva kuwa aƙalla shekara 5, biyu daga ciki a gangar katakon oak mai cin lita 225, biyu kuma a kwalba. Sana'ar ta bunƙasa ne a ƙarni na 19, lokacin da wani ƙwaro ya cinye gonakin inabin Faransa, 'yan kasuwar birnin Bordeaux na Faransa suka tsallako neman haja. A garin Haro na Rioja, kamfanin giya na López de Heredia da aka kafa a 1877 yakan riƙe giyarsa fiye da yadda doka ta nema nesa ba kusa ba.

To me shekaru ke yi mata? Sabuwar jar giya tana da bauri mai kama baki, daga sinadarin da ke cikin bawon inabi da ƙwallonsa, dangin wanda majema ke samu a bagaruwa. A hankali baurin yakan kwanta, ya bar guggubi a gindin kwalba. Launi ya tashi daga ja wur ya koma kamar jan bulo, musamman a bakin kofi idan aka karkata shi kan farin ƙyalle. Ƙamshin ɗanyen 'ya'yan itace ya ja baya, masu ɗanɗano su riƙa ambaton fata, ganyen taba da busasshen ɓaure. Shi ya sa mai kwalbar giyar inabin da aka girbe a 1964, shekarar da ake yabo a Rioja, yakan tsayar da ita kwana ɗaya ko biyu guggubin ya sauka, ya zare toshiyar da lallami don ta riga ta yi rauni, sannan ya tsiyaya sannu sannu.

Sai dai a ganina ana zuzuta sunan fiye da kima. Lokaci kawai yake tabbatarwa. Inabin da bai yi kyau ba, ko ya shekara 30 ba zai gyaru ba. Kuma kwalbar da aka bari a tsaye cikin zafi, toshiyarta ta bushe iska ta shiga, tsami za ta yi, ko da hatimin hukumar Rioja na manne a bayanta.