Waiwaye: Daga Midil Zuwa Rumfa, Makarantar Da Ta Yaye Sarki Da 'Yan NEPU

Yaran yanzu in sun wuce Kwalejin Rumfa a titin BUK gani suke kawai wata tsohuwar makarantar gwamnati ce irin sauran, alhali akwai lokacin da duk faɗin lardin Kano in yaro ya gama elementare babu inda iyaye ke masa fata irin nan.

A 1927 aka buɗe ta, sunanta a lokacin Midil ta Kano. Kafin nan ai boko a Kano bai wuce makarantar Ɗan Hausa (Baturen nan Hanns Vischer) ta Nassarawa da aka fara a 1909 ba, sai 'yan elementare irin ta Shahuci da suka biyo baya. Turawa ba wai sun yi Midil don su samar da shugabanni ba ne, a'a, ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya, suke nema, akawu, malamin haraji, malamin asibiti, wanda zai iya rubutu da lissafi ya riƙe littafi a ofishin hakimi. Wanda ya fi ƙoƙari sai a tura shi kwaleji, wadda ta zama Barewa daga baya.

To amma kun san ba a ba yaro karatu a ce masa ga iya inda zai tsaya. Malam Aminu Kano nan ya yi kafin ya wuce Kwalejin Kaduna, kuma shi ne ya dawo ya zama ƙashin bayan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a 1950 tana yaƙar zaluncin En'e ɗin nan da aka so ya yi wa aiki. Sannan Ado Bayero, wanda ya hau gadon sarautar Kano a 1963 ya yi har 2014, shi ma ɗan Midil ne. Wannan ne ni yake ba ni mamaki wallahi, makaranta ɗaya ta fitar da mai gidan Dabo ta kuma fitar da jagoran talakawa. Maitama Sule Ɗan Masanin Kano ya yi karatu a nan, ya dawo ya koyar. Murtala ya taɓa Midil kafin Barewa, Abacha kuma ya zo lokacin da ta koma sakandaren lardi, kun ga shugabannin ƙasa biyu kenan.

Sunan ya yi ta canzawa, daga Midil zuwa sakandaren lardi zuwa kwalejin gwamnati, ƙarshe aka sa mata sunan Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina fadar da ake ciki yanzu ya kuma kafa kasuwar Kurmi.

Abin da ya rage mata kwarjini ba ɓoyayye ba ne. Da ita kaɗai ce a fage, tacewa ake kafin a shiga. UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, ta zo a 1976 yara suka yi yawa, a 1977 kuma aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu suka fara kwashe haziƙai, daga baya masu hali suka koma firamare da sakandaren kuɗi. Tsofaffin ɗalibai dai na nan da ƙungiyarsu RUMFOBA suna taro suna kai ɗauki, sai dai ka tambayi da yawansu ina nasu 'ya'yan suke karatu.