Leburorin gandun shayi a Indiya

Leburorin gandun shayi su ne ma'aikatan da ke zaune a cikin manyan gonakin shayi suna tsinkar ganye, musamman a Assam, Darjeeling da Dooars a arewa maso gabashin Indiya, da tsaunukan Kerala a kudu. Fiye da rabinsu mata ne, domin galibi su ake bai wa kwando su tsinko toho da ganyaye biyun da ke kusa da shi. Abin da ya bambanta su da sauran 'yan ƙwadago shi ne gidan da suke kwana da aikin da suke yi duk a hannun mai gona ɗaya suke.

Tsarin ya samo asali ne a zamanin mulkin Ingila. Bayan kafa Assam Company a 1839, Turawa suka rasa isassun hannaye a yankin, sai dillalai suka riƙa kwaso talakawa daga Chota Nagpur, wani yankin tuddai a gabashin Indiya, da kewayensa da alkawarin arziki. Dokar 1859 ta mai da karya kwantiragi laifin da ake ɗaure mutum a kai, kuma wanda ya gudu akan bi sawunsa a dawo da shi. A 1921 dubban leburori suka fice daga gonakin kwarin Chargola a Assam da niyyar komawa garuruwansu. Jikokin waɗanda suka zauna su ne ke tsinkar ganyen har yau.

Bayan 'yancin kai, dokar 1951 ta ɗora wa mai gona nauyin samar da gida, asibiti, makaranta da wurin renon yara. A takarda gata ne. A aikace ya zama hujjar biyan lada kaɗan, ya kuma ɗaure lebura da gonar, tunda barin aiki barin gida ne.

Buɗewar kasuwar duniya ta ƙara tsananta lamarin. Rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991 ta raunana babbar kasuwar shayin Indiya, ga Kenya tana sayar da nata da rahusa a gwanjon Mombasa. Manyan kamfanoni suka lura ribar tana wajen haɗa ganye da ƙunshe shi da sa masa suna, ba a noma ba. Kamfanin Tata na Indiya ya sayi Tetley, kamfanin shayi na Ingila, a 2000, daga baya ya janye daga gudanar da yawancin gonakinsa kai tsaye. Da farashi ya faɗi, aka rufe gonaki da dama a Dooars, abinci da magani suka yanke tare da albashi, har aka samu rahotannin mutuwa saboda yunwa.

A watan Satumba na 2015 dubban mata leburorin shayi a Munnar da ke Kerala suka shiga yajin aiki saboda an zabge musu kuɗin ƙarin shekara. Suka kori shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda maza ne, daga wurin zaman dirshen, suka kira kansu Pembilai Orumai, wato haɗin kan mata. Cikin kwana tara aka amince a ba su ƙarin da suka nema, wato kashi 20 cikin ɗari na albashinsu na shekara.